Ɗiyar Fari a Ajin Kurame

Ajin kurame shi ne na ƙarshe a jerin azuzuwan makarantarmu a Kankia, daga shi sai katanga da wani tsohon itacen bedi. A inuwar bedin nake ganawa da iyaye a ƙarshen kowane zangon karatu. Nakan fito da benci biyu, in zauna a kan ɗaya, wanda layi ya zo kansa ya zauna a kan ɗayan. Yaran kuwa suna cikin aji, sun jeru a taga suna karantar fuskokinmu.

Kafin in shiga koyarwa na yi ɗan zama a gidan rediyo. Abin da aka koya mini a can shi ne in karanta sanarwar rasuwa da ta isowar takin zamani da murya ɗaya, kada in ja kalma, kada in haɗiye ta. Da wannan muryar nake yi wa iyaye bayani. Ɗalibaina ba su taɓa jin ta ba.

Tambayoyin iyaye ba su da yawa. Akwai wani manomi daga Kunduru da ke zuwa duk zango da tambaya guda: "Malama, yaushe zai fara magana?" In ce masa ɗansa yana magana, da hannu, har faɗa yana yi da shi. Ya ce, "A'a Malama, ta baki nike nufi." In ce ba na sa ran hakan. Ya yi godiya ya tafi, zango mai zuwa ya dawo da ita kamar ba mu taɓa yin maganar ba. Wata 'yar Kudu mai shago a bakin titi takan saurari bayanina har ƙarshe, ta yi kuka, ta share hawaye, ta raba wa ajin biskit. Wani dattijo daga Dudunni ya taɓa kawo mini rubutu a gora, in riƙa ba jikansa kafin a fara darasi. Na karɓa, na kuma riƙa ba shi.

A shekarun farko maganganunsu kan bi ni har gida su hana ni cin abinci. Daga baya suka daina bi na. Ban san lokacin da hakan ya faru ba. Na dai wayi gari ina iya gaya wa uwa cewa kunnen ɗanta ba zai buɗe ba, a daidai lokacin kuma ina tunanin ban jiƙa waken alala ba.

A cikin waɗannan shekarun aka kawo mini wata yarinya Bafillatana daga wata ruga a gefen Kaikai, ta ƙasar Kusada. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana koyon tafiya. Kakarta ta wajen uba ce ta kawo ta. Ta shirya da wata mai fura a cikin gari, wadda ke sayen nononsu, yarinyar ta riƙa kwana a gidanta, ranar Juma'a a ɗora ta a mashin zuwa ruga, ta dawo da safiyar Litinin.

Kakar doguwa ce, siririya, bakinta ba ya hutawa. Tun kafin su zo wurina ita da jikarta suna da tasu maganar hannu, ta su biyu: ƙaho a iska saniya ce, kunci a kan tafi barci ne, girgiza ƙwaryar da babu ita aikin kaɗa nono ne. Duk ranar kasuwa, in ta sayar da nononta, sai ta shigo ajin ta ajiye ƙwarya a bakin ƙofa, ta zauna a bencin baya tana koyon abin da yara ke koya. A duk iyayen da na yi hulɗa da su, ita kaɗai ta taɓa zama benci ɗaya da yara. In ta karkace yatsa jikar takan kama ta gyara mata, ita kuma ta ce da ƙarfi, "Ji 'yar rainin wayo! Ni da na wanke maki kashi za ki koya wa riƙe yatsa?" Sai ta yi mata alamar biri. Yarinyar ta mayar mata da alamar tsohuwa, ta ƙara da nuna dasashi. Ajin ya ɗauki dariya, irin dariyar kurame da ba a rage mata ƙarfi.

A ganawarmu ta farko a gindin bedi na tambayi kakar uwar yarinyar.

"Tana nan lafiya lau. Ita ta dama wannan kindirmon ma."

"Ina so in gan ta, Inna. Ya kamata ita ma ta koya."

Ta dube ni, ta gyara ɗankwali. "Malama, ke Kaɗo ce, ba Bafillatana ba, shi ya sa. Wannan ai ɗiyar fari ce. Uwa ta tsaya gaban ɗiyar fari, ido cikin ido, tana wulla hannu? Mi za a ce da ita a ruga? Tun da aka yaye ta tawa ce. Abin da kike so ki gaya wa uwa, gaya mani."

Na ce mata mu ma muna yin alkunya. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan yayana ba. In ta gama abinci sai ta ce da bango, "A gaya wa wancan tuwonsa na hucewa." Yayana yana zaune a tsakar gidan, ya ji, ya tashi ya ɗauka. In ya yi zazzaɓi takan yi wa ƙanwarta faɗa da ƙarfi a kan masu wanka da ruwan sanyi, shi kuma ya san da shi ake, ya san kuma an damu da shi. Alkunya ba ta hana ɗa sanin uwarsa, domin abin da ido ya kauce masa kunne yana tsinta. Sai dai wannan yarinyar duk abin da aka ce da bango, a bangon yake tsayawa.

Kakar ta saurara. Ta ce, "Gaskiyarki. Amma ai ga ni." Muka bar maganar a nan, domin lallai ga ta.

Haka aka tafi har yarinyar ta iya karatu da ɗan lissafi. Sannan idon kakar ya fara rauni. Da farko ta koma bencin gaba. Daga baya ta riƙa cewa jikar ta matso, ta ƙara matsowa, har hannun yarinyar yana taɓa hancinta. Na ba da shawara a kai ta asibiti a Katsina. Aka kai ta, aka dawo da labarin cewa ba yana ba ce da za a kankare, ciwon ya riga ya ci jijiya. Ta daina zuwa kasuwa. Yarinyar ta koma sanya hannunta a cikin tafin kakar tana yin alamun a can, tsohuwar tana lalube. Abinci, ruwa, barci, waɗannan suna wucewa. Abin da ya fi haka ba ya wucewa.

Na aika ta hannun mai fura cewa ina son ganin wani daga gidan. Uban ya zo. Ya jingine sandarsa a jikin bedi, ya cire takalma, ya zauna a ƙarshen benci yana fuskantar katanga. Sai a lokacin na tuna shi ma ɗiyar farinsa ce. Na yi masa bayani daki-daki: wadda ke fahimtar yarinyar ta rasa gani, dole a sami wani a gidan da zai koya, in ba haka ba yarinyar za ta riƙa komawa gidan da ba ta da abokin magana a ciki.

Ya ce, "To, Malama. Allah shi saka da alheri."

"Wa zai zo ya koya?"

"Ɗiyar tsohuwa ce. Yadda tsohuwa ta ce, haka za a yi."

"Tsohuwa ba ta gani."

"Haka ne. Allah shi kyauta."

Ya ɗauki sandarsa. Yarinyar tana taga tana kallon bayansa har ya fita ƙofar makaranta. Na kira na gaba.

Bayan an girbe dawa, wata Litinin, yarinyar ta dawo daga ruga da hannuwanta a cikin hijabi. Na gaishe ta da hannu, ta dube ni, ba ta amsa ba. Na ɗauka sanyi take ji, ko ta ƙone. Na buɗe hijabin, hannuwan lafiya lau, a harɗe a ƙarƙashin hammata. Ta kwafi abin da ke kan allo, ta yi lissafinta daidai, ta ci abincinta a lokacin tara. Amma yatsa ɗaya ba ta ɗaga wa kowa ba, ranar nan da washegari da makon da ya biyo baya. A ajin kurame kowa yana da sunan hannu, nata shi ne taɓa kitson gefen kunne. Kafin zangon ya ƙare yara sun canja mata suna, suna harɗe hannu a ƙirji in za su ambace ta.

Ranar ganawar iyaye na hango kakar tana shigowa, hannunta a kafaɗar wata mace mai ƙwarya a ka. Macen ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta zaunar da tsohuwar a kan benci, ita kuma ta sauke ƙwarya ta zauna a ƙasa, ta juya wa tagar ajin baya. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba.

Kakar ce ta ba da labarin. A ranar sunan yarinyar an ba ta saniya, kamar yadda suke yi. Saniyar ta haifi karsana, karsanar nan ita yarinyar ke yi wa komai in ta je gida. Ranar Asabar ɗin da ta gabaci waccan Litinin maza sun yi nisa da garke, karsanar ta tsinke igiya ta faɗa gonar da gyauron dawa ya tsiro, ta ci ta ƙoshi. Gyauro yana kumbura cikin dabba ya kashe ta cikin ɗan lokaci. Yarinyar ce kaɗai ta gani.

"Da an sani da wuri, Malama, ko man gyaɗa a ɗura mata. In ma ta ƙi tashi, akwai tsoho a bukkar can gefe, sai ya yanka. To, ta rugo gida. Yayyen ubanta mata sun zo gaisuwa, suna zaune, wannan tana tsakiyarsu tana zuba masu nono." Ta nuna inda take jin numfashin surukarta. "Ta tsaya a gabanta tana ta yi da hannu, tana wannan kukan nata. Wannan ta sunkuyar da kai ta ce a zo a tafi da yarinyar nan. Ta kama mata zane, ta ɓamɓare hannun. Sai ta zo wurina. Ta sa hannu a tafina tana sauri, na ji alamar ciki, na ji ciki, ban ji ƙahon ba. Na ce cikinta ke ciwo. Na tashi ina laluben jar kanwa in jiƙa mata. Ita tana ja na, ni ina cewa tsaya mana, ja'ira. Kafin in yarda in bi ta, kafin makauniya ta ratsa kara, mun tarar da mushe."

Sannan ta ce, "Tun ranar ba ta sake sa hannu a tafina ba."

Uwar tana zaune tana gyara faifan da ke rufe da ƙwarya, faifan da babu abin da ya same shi.

Na yi mata magana da muryar da nake da ita. Na ce, "'Yar'uwa, yarinyar nan yanzu ba ta da kowa a gida. A makaranta ma ta rufe hannunta. In ta daɗe a haka abin da ta koya zai zube. Wannan karon karsana ce. Wata rana maciji ne, ko wuta, ko wani ya yi mata abin da ya kamata ta faɗa."

"Na ji, Malama."

"Kin san abin da nake roƙo?"

"Na sani."

Kakar ta ce, "Ni na ce mata ta dube ta! Wa take jin kunya? Ni da ko tafin hannuna ba na gani? Fulako ya yi yawa sai ya zama ciwo."

"Ba ke ba ce, Inna." Muryar uwar a ƙasa take, sai da na sunkuya. "Wuyan ne ba ya juyawa. Tun ranar da aka haife ta aka ce kada in duba, ban duba ba. Yanzu in na ɗago ido sai in ji kamar na fito kasuwa ba zane."

"Ba ki taɓa kallon ta ba?"

"In tana barci."

Na faɗi abin da aikina ya ce in faɗa, an kuma ba ni amsa. Na riga na fara duba wanda ke biye a layi sa'ad da ta ɗora ƙwarya a ka, ta ɗaga tsohuwar, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "In na kawo nono ran kasuwa, ki koya mani. Amma ba a gabanta ba."

Na ce to. Iyaye da yawa sun yi mini irin wannan alkawarin, na kuma ce masu to.

Ta zo. Takan jira sai an tashi, yara sun watse, yarinyar ta tafi gidan mai fura, sannan ta zagayo ta bayan ajin, tsakaninsa da katanga. A nan muke tsugunawa. Tana da saurin ɗauka, yatsunta masu ƙarfi ne, amma akwai abin da na kasa raba ta da shi: ba ta ɗaga hannu sama da gwiwa. Maganar hannu a gaban ƙirji da fuska ake yin ta. Alamar ci, yatsu ake haɗawa a kai baki. Ita sai ta haɗa yatsun ta buga a tafin ɗaya hannun. Alamar uwa a haɓa ake yi, ita ta sauko da ita wuyan hannu.

"Kai shi baki, 'yar'uwa."

"Nan ma ya isa."

"Ba haka ake yi ba. Ba wanda zai gane."

"To, Malama." Ta sake yi a tafin hannu.

Na gyara mata har na gaji, na bar ta. A raina na ce kunya ce, mai ɓoye fuska ba za ta kai hannu fuska ba. Ta koyi ci da sha, ciwo, ina, zo, tafi, saniya, mutuwa, jiya da gobe. Ba ta taɓa tambayar yadda yarinyar take a aji ba, ni ma ban faɗa ba sai in ta kama. Sau ɗaya ta nemi wata alama da kanta. Muna shirin tashi ta ce, "In an yi wa mutum rasuwa, yaya ake ce mashi ya yi haƙuri?" Na nuna mata, tafi a kan ƙirji ana shafawa. Ta yi a kan gwiwarta. Ta bar mini man shanu a ɗan kwano ta tafi.

Rani ya wuce a haka. Yarinyar tana zuwa, tana kwafa, hannuwa a hijabi. Na gwada wasa, na gwada zane, na sa ƙawarta ta zauna kusa da ita. Na kai maganar gaban shugaban makaranta, ya ce a ci gaba da lura. Na ci gaba da lura. Duk Litinin nakan dubi hijabin sau ɗaya in ta shigo, in juya ga allo. Na san uwar ta iya alamu, na kuma san iya alamu a bayan aji ba ya nufin komai in wuya bai juya ba. Akwai lokacin da na daina dubawar ma.

Damina ta sauka, shanu suka dawo kusa da gida, nono ya yawaita a kasuwa. Uwar ta rage zuwa darasi, ta ce aiki ya yi yawa. Na ɗauka ƙarshen abin ke nan.

Wata rana a lokacin tara ina zaune a bakin ƙofa ina gyaran aikin yara, sai ɗan manomin Kunduru ya miƙa wa yarinyar dafaffiyar gyaɗa. Ta girgiza kai. Ya sake miƙawa. Sai hannunta ya fito daga ƙasan hijabi, daidai gwiwa, ta haɗa yatsu ta buga a tafin ɗaya hannun. Na ci, take nufi. Yaron bai gane ba, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Mutum ɗaya na sani mai yin wannan alamar a wannan wurin.

Da aka tashi na tsayar da ita. Na tambaye ta da hannu wa ya koya mata haka. Sannan ta kama ni ta kai ni gefen teburina, ta danna kafaɗata na tsuguna. Ta zagaya ɗaya gefen ita ma ta tsuguna. Teburin yana da katako a gaba wanda bai kai ƙasa ba, sai ya zama ba na ganin fuskarta, ba ta ganin tawa. Ta ƙarƙashin katakon hannuwanta suka bayyana.

Ta taɓa wuyan hannu: uwa. Ta yi ƙaho, ta shafa katakon teburin, na gane teburin ne saniya. Ta nuna ni, ta yi jan nono da hannu biyu: ni ce uwar, ina tatsa. Ta nuna kanta, ta riƙe igiyar da babu ita: ita ce ke riƙe maraƙi a ɗaya gefen, kada ya kai wa hantsa baki.

A rugarsu, in maza sun fita da garke, mata ke tatsar shanun da aka bari. Riƙe maraƙi aikin yara ne, babu wanda zai ga laifin uwa don ɗiyar fari ta riƙe mata maraƙi. Saniya tana tsakani. Goshin uwa yana jingine a jikin saniya, ba ta kallon kowa. Abin da ake iya gani daga can gefe ta ƙarƙashin cikin saniya shi ne ƙwarya, da gwiwoyi, da hannuwa.

Yarinyar ta ba ni labarin a jere, ba ta tsallake komai ba. Safiyar farko hannun uwa ya saki hantsa ya yi alamar ci. Ita ba ta amsa ba, ta ɗauka ƙuda ake kora. Washegari aka sake. Ta gane, amma ba ta amsa ba. Aka yi ta yi, tana riƙe da igiyarta. Sai wata safiya hannun ya yi ƙaho, ya yi mutuwa, sannan ya kwanta a kan gwiwa yana shafawa. Wannan ta ƙarshen ta ɗauki lokaci kafin ta gane ta, domin ba a wurinta aka yi ta ba. Da ta gane, sai ta saki igiya. Maraƙi ya ruga ya kama hantsa, ƙwarya ta kife, aka yi asarar nonon ranar. Da ta zo nan hannuwanta suka tsaya, na ji sautin dariyarta daga bayan katako.

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta gaya mini saniyar da ke harbi, da kazar da shaho ya ɗauke, da cewa kaka ta rame ba ta tashi sai an ɗaga ta. Rabin alamun na makaranta ne, rabi na uwarta, duk a ƙasa. Ban sani ba ko tun a bayan aji uwar ta san inda za ta yi amfani da su, ko kuwa daga baya ta ga sun dace da wurin. Ban taɓa tambayar ta ba. Na zauna a tsugune ina kallon hannuwa biyu a ƙarƙashin tebur, ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da na ji shi ne gwiwoyina sun yi tsami. Na bari ta gama, sannan na miƙe.

Ba rana ɗaya ta dawo da magana a aji ba. Ta fara da ƙawarta, a ƙarƙashin benci. A hankali hannun ya hau sama. Yara ba su mayar mata da tsohon sunanta ba, suna ci gaba da harɗe hannu a ƙirji in za su kira ta, ita ma ta karɓe shi.

A ganawar ƙarshen wannan zangon uwar ta zo ita kaɗai, kakar ba ta iya hawa mashin. Ta zauna a ƙasa kamar wancan karon, bayanta ga taga. Na gaishe ta da jikin tsohuwa, ta ce da sauƙi. Na yi mata bayanin karatu: rubutu ya yi kyau, lissafi sai an ƙara ƙoƙari. Sannan na faɗi abin da ya rage. Tatsa sau ɗaya ce da safe. Abin da ya sami yarinyar da rana sai ya kwana a cikinta. In kuma gaggawa ce irin ta wancan karon, babu lokacin neman saniya.

"Na gaya mata, in abu ya faru ta zo ta bayana ta taɓa mani diddige. Zan tashi in bi ta ko wa ke zaune."

"In rani ya yi shanu suka tafi fa?"

"Za a bar guda. Na ce da shi tsohuwa tana bukatar madara."

"Uban ya yarda?"

"Bai ce komai ba. Ya dai zaɓi wadda ba ta harbi."

Na tambaye ta tambayar da nake yi wa kowa a ƙarshe, ko tana fahimtar abin da yarinyar ke faɗa.

Ta gyara faifai. Ta ce, "Malama, ɗiyar nan taku ta cika surutu. Sai in gama tatsa, hantsa ta bushe, ita ba ta gama ba. Ran Lahadin nan saniya ta gaji da mu ta yi tafiyarta, ta bar mu a tsugune."

"Sai kika yi yaya?"

"Na dubi ƙwarya mana. Mi zan yi?"

Ta tashi ta ɗora kayanta a ka. Ranar aka yi hutu, yarinyar tana tsaye a ƙofar aji da ƙullin kayanta. Hanyar fita ta gabanta take. Uwar ta wuce ta, fuskarta ga katanga, ba ta rage tafiya ba. Hannunta na hagu yana riƙe da ƙwarya. Na dama yana saukake a gefen zane, a nan yatsun suka naɗe sau biyu: zo. Yarinyar ta bari ta ɗan yi nisa, sannan ta bi bayanta.

Manomin Kunduru ya cire takalmansa ya zauna a kan benci. Na juya gare shi.